Da Sauƙi, In Ji Yaya

Yayana bai taɓa yarda da likitan da ba ya taɓa jikin mutum ba. A ƙasar Larabawa muke neman abinci: lodin kayan gyaran mota yake yi a unguwar Ras Al Khor, ɗakinmu ɗaya da shi a unguwar Hor Al Anz. Da ciwon baya ya matsa masa, na ja shi asibiti. Likitan ya yi ta tambayoyi idonsa na kan kwamfuta, ya rubuta magani, ya ce a je a yi hoton baya. Muna fitowa Yaya ya ja tsaki.

"Wannan likita ne ko magatakarda? Ko rigata bai ɗaga ba!"

Hoton da ba a yi ba ke nan.

Sai abokin aikinsa ya kwatanta masa wani likita a Al Rigga, irin masu gyaran gaɓoɓi da hannu. Mutumin ya kwantar da shi, ya bi ƙashin bayansa da yatsa gaɓa-gaɓa, ya danna, ya miƙar. Yaya ya fito baki har kunne, wai ya samu mai ɗori irin na garinmu sak, sai dai wannan ba ya tofi.

Ba zan ɗora wa bawan Allahn nan laifi ba. A gabana ya ce hannu yana da iyaka: in ciwon bai ragu ba, a faɗa masa, ya mayar da shi wurin masu hoto da gwajin jini. Kuma duk zuwa sai ya tambayi jiki.

To, ina aka taɓa ganin Bahaushen da aka tambaya jiki ya ce babu sauƙi? Mu ko gargara muke, "da sauƙi" za mu ce, balle ga wanda ya yi gumi a kanka. Haka Yaya ya dinga faɗa, likita yana rubutawa. A gida kuwa salla a zaune yake yi, wando na zame masa.

Na ce, "Yaya, don Allah ka gaya masa gaskiya!"

Ya ce, "Kai yaro ne. Mutum na ƙoƙarinsa in ce masa aikin banza yake? Khalas, shi ke nan, bar maganar." Daga ranar ya hana ni raka shi.

Ramar ce ta tona asiri. Likitan gaɓoɓin ya ganta, ya ƙi sa masa hannu, ya tura shi asibiti. Hoto ya nuna ciwon daji ya riga ya cinye ƙashin. Magatakardan nan da Yaya ya raina, shi ya zauna bakin gado, ya riƙe hannunsa, ya gaya masa. Na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Ranar ƙarshe na sunkuya na ce, "Yaya, ya jiki?"

Ya buɗe ido da ƙyar. "Da sauƙi."

Bai ƙara magana ba har ya cika.

Wallahi har yau in marar lafiya ya ba ni wannan amsa, raina ɓaci yake. Sai in jawo kujera in zauna, in sake tambayarsa.