Kunnen da ya ƙi azurfa

Wata Laraba ce bayan girbi, shekara biyu da wucewar farar da ta cinye mana gero, kakata Iya Gado ta danne ni tsakanin gwiwoyinta a gindin rumbu, ta huda mini kunne da ƙayar aduwa. Tare aka huda mu da Hajo, ɗiyar ƙanen babana. Ita ta yi ta ihu har jakin gida ya amsa mata. Ni ko uffan ban ce ba, don na san abin da ke cikin tsumman da Iya ke ɗaurewa a ƙugu: 'yan kunnen azurfa, aikin wani maƙerin Buzaye. Ta riga ta ce wadda kunnenta ya warke lafiya ita za ta gaje su.

Kunnuwan Hajo mai raki suka warke sumul. Nawa na dama ya warke, na hagu kuwa ya fito da ƙululu kamar ɗan magarya, ga sheƙi ga ƙaiƙayi. Aka kira Tanko wanzamin gidanmu, ya wasa aska, ya ce, "Wanga? Kahin a sauke tuwo na gama da shi." Ya yanke. Damina na faɗuwa abin ya dawo kamar aduwa. Tanko ya ce laifina ne, na ci wake. Ya sake yankewa, sai ga shi ya tasar wa goruba. Tun daga nan in ya hango ni a hanyar rijiya, sai ya tuna yana da aski a wata unguwa.

Bafulatanar da ke kawo mana nono ta ɗaure ƙululun da gashin wutsiyar saniya. Na yi kwana uku ina kuka, gashi ya tsinke, ƙululu na nan. Babana ya ɗora ni bisa jaki tun daga Tama har Madawa, lokotoro, wato likita, ya jujjuya kunnen, ya ce yanka shi ne abincinsa, a ƙyale shi. Har muka iso gida babana na mita, wai ya kashe jaki da tafiya don a ce masa kada ya yi komai. Hajo kuwa in muna daka, da taɓarya take rera mini "mai kunne uku".

A ƙarshe Iya ta tsaga karan dawa, ta matse ƙululun a tsakani, ta ɗaure da zare. Shekara guda na yi da karan nan, ina tatsar awaki da shi, ina korar tsuntsu a gona da shi. Abin ya koma magaryarsa ya tsaya, amma ya haɗiye hudar.

Ranar rabo Iya ta kwance tsumma, ta miƙa mini guda. Hajo ta ce ai nata biyu ne suka warke. Iya ta ce, "Ɗayan raki ya cinye shi." Haka muka yi 'yanmatanci, kowace da azurfa a kunne ɗaya.

Yanzu jikata mai irin jikina, pikiri, wato allura, ake yi wa nata ƙululun a gidan likita, abin na kwantawa sannu a hankali, kuma a gidana ba a huda kunnen yarinya sai na duba tabon da ke jikinta. Bara Hajo ta rasu. Ɗiyarta ta kawo mini ɗan kunnen a ƙulle, da saƙo: wai in rataya shi a na ukun.

Ga su biyu a hannuna, babu wadda zan yi wa gori.