Tatsuniyar Shekarar Anza

Jiya a kasuwar Tawa na wuce wata mai sayar da anza, sai warinta ya mai da ni gidanmu na ƙauye, wajen Kalfu, shekarar da fari ya cinye garkenmu, sojoji suka karɓi mulki. In ba ka san anza ba, 'ya'yan itace ne masu ɗacin gaske. Sai an daɗe ana jiƙawa ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Ita ce abincinmu da rumbu ya ƙare.

Autarmu ta ƙi ta sam, har wuyanta ya koma kamar sillen kara. Sai Kaka ta ɓullo da dabara. Bayan magariba ta fara mana tatsuniyar wata yarinya da ta hau raƙumi mai fiffike, tana neman inda aljanu suka ɗaure girgije. Sharaɗin shi ne, in hannun auta ya tsaya a ƙwarya, raƙumi ma ya tsaya a sama. Kuma Kaka ba ta cewa ƙurunƙus, kullum sai gobe.

Da tatsuniya ta yi tsawo, sai gardama ta tashi. Baba ya ce farkon ya fi daɗi. Maƙwabciyarmu da ta zo daga arewa ta ce sai yanzu raƙumin ya yi hankali. Goggo kuwa, ƙanwar Baba, ba ta iya ɓoye magana.

"Inna, labarin ga ya lalace. Dodon da kika kashe tuntuni, ga shi ya dawo. Kuma ko'ina yarinyar ta sauka, tuwo da man shanu!"

"To, malama," in ji Kaka, "na bari."

Washegari Kaka ta yi gum, tana jan carbi. Auta ta ture ƙwaryarta. Aka yi lallashi, aka yi tsawa, ko loma. Ina kallon Goggo tana kallon wuyan nan. Can ta matso, ta durƙusa gaban Kaka.

"Inna, na tuna. Wancan dodon, ai ƙanen na farko ne."

"Ashe kina saurare, mai baƙin baki?"

Dariya ta ɓarke har da Baba. Raƙumi ya tashi, auta ta kai hannu.

Ranar da ruwan farko ya sauka, Kaka ta nuna sama. "Ta kwance girgijen, ga shi kuna ji. Ƙurunƙus." Kowa ya ce an yi gaggawar ƙarshen, Goggo ta fi kowa ƙorafi.

Yanzu 'ya'yana ke gardama kan dogayen littattafansu na aljanu, wai na baya bai kai na farko ba. Sukan tambaye ni ta Kaka fa, gaba ta yi ko baya? Wallahi ban sani ba, Allah ya jiƙanta. Sai in nuna musu auta, ga ta can zaune da jikarta a cinya, wuya har da ninki.