Ɗacin da Ban Wanke Ba

Ranar da na fara dafa wa Mma jar shinkafa, loma ɗaya ta kai baki ta tofar, ta ce in kai wa kaji.

Yanzu ban ga laifinta ba, amma a ranar na gani sosai. Matar nan tun kafin a haife ni shinkafa ce sana'arta. Ta sayo shanshera daga ƙauye, ta jiƙa, ta yi gumi a wata tukunya da ta fi ni tsawo ina yarinya, ta shanya a tsakar gidanmu na Nyohini a Tamale, ta kai inji, sannan ta dawo ta zauna da faifai tana tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. Daga Lamashegu mata ke takowa su sayi tata, don ba ta taɓa fasa wa kowa haƙori ba. A wurinta, shinkafar da aka bari da dusa a jiki aikin malalaciya ne, wadda ta gaji ta tashi ba ta gama ba. To ga ni, 'yar da ta haifa, na zuba mata ita a faranti na ce ta ci.

Ba don jin daɗi na yi ba. Ciwon suga ya riga ya cinye mata idon hagu, ko hannu ka kaɗa ta wannan gefen ba ta sani ba. Likita ya haska na daman ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce da ni shi ma ya fara taɓuwa, amma ana iya riƙe shi. Sharaɗi biyu ne: ƙwaya safe da yamma, kuma ta rabu da farar shinkafa da tulin tuwo. Ido ɗaya ya rage wa uwata, kuma ni kaɗai ke gidan da ita.

Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba. Ɗinki nake yi a wani ɗan shago a Gurugu, kuma masu kawo mini ɗinki sun san ba a ce mini "gyara nan" sau biyu. Ina da ƙane a New York, shi ke jinyar uwarsa ta waya. Da ya ji maganar likita sai ya aiko wani mai dawowa gida da ledoji shida na wani hatsi, wai shi kinwa. Ƙanana ne, masu launin ƙasa-ƙasa, sun fi acca girma, ba su kai gero ba. Ya biyo su da saƙon murya mai tsawon huɗubar Juma'a: a haɗa da jar shinkafa, a zuba kaɗan a gefen faranti, kifi da ganye su fi yawa, haka masu ciwon ke yi a can.

Mma ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Abinci a gefe? To me zai zauna a tsakiya?"

Washegari na tashi da niyya. Tun asuba na jiƙa shinkafar, don jar shinkafa taurin kai gare ta, in ba ta sha ruwa ba sai gawayinka ya ƙare tana nan yadda take. Da na dawo daga shago na soya albasa a ɗan man gyaɗa, na marmasa daddawa, na zuba ruwa da gishiri kaɗan. Shinkafar na fara sakawa, sai da ta yi rabin nuna sannan na kwara kinwar a kai, kai tsaye daga leda, don na gan ta fes, ba ƙasa ba tsakuwa. Na rage wuta na rufe. Ƙamshi dai ya yi ƙamshi, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko baƙi muka yi. Na zuba ludayi ɗaya a gefe yadda aka ce, ga gasasshen kifi, ga alayyafo.

Mma ta ɗaga farantin ta kai shi dab da idonta mai gani. Ita kinwa in ta nuna, kowace ƙwaya sai ta fito da wani ɗan farin zare a lanƙwashe.

"Ke, tsutsa ce a ciki."

"Ba tsutsa ba ce, Mma, haka take."

Ta kai loma ɗaya baki, fuskarta ta yamutse, ta tofar. Na ɗanɗana ni ma. Kai! Ɗaci ne mai kama maƙogwaro, kamar an wanke tukunyar da sabulu ba a ɗauraye ba. Ta ture farantin da bayan hannu, ta ce ita ba ta yi shekara da shekaru tana ciyar da unguwa ba don a zo a ƙarshen rayuwarta a ba ta dusa da tsutsa. Ta ce gara ta makance da cikinta a ƙoshe.

Nan raina ya ɓaci. Na yini a kan keken ɗinki, bayana kamar zai tsinke, na dawo na tsuguna gaban murhu, sai a ce mini gara makanta? Na daka mata tsawa, Allah ya yafe mini. Na ce, "To wa ya ce miki abinci ne? Magani ne! Ɗanki ya nemo miki maganin ido tun daga can, kina turewa. Kin taɓa jin magani da daɗi?"

Ban shirya wannan maganar ba, fushi ne ya kawo ta. Amma sai na ga Mma ta jawo farantin a hankali, ta gyara zama, ta yi bisimilla, ta cinye har tana suɗe yatsa. Da ta gama ta ce, "Ai da kin faɗa tun farko." Sai kuma ta tambaya, "Me ke karya shi?"

Duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san wannan tambayar. Ba a ba ka magani ba tare da an gaya maka abin da ke karya shi ba, wani kuɓewa, wani naman akuya, wani nono. Ni kuwa sai na ga dama ta zo har gida. Na ce, "Farar shinkafa da suga." Wallahi a ranar ji na yi babu mai wayona a duk Tamale.

Bayan kwana biyu na zauna na karanta bayan ledar da kyau, na ga ashe wankewa ake yi. Akwai wani abu mai ɗaci a jikin ƙwayar, sai an cuɗa ta a ruwa, an zubar da kumfar, an sake, har ruwan ya fito garau. Na yi hakan. Rannan abincin ya yi daɗi, daɗin gaske, da ɗan garɗi irin na gyaɗa, har na ɗiba wa kaina. Mma ta ci loma biyu ta ajiye.

"Kin wanke ƙarfinsa," in ji ta. "Wannan ai abinci ne."

To me zan ce? Washegari na koma zuba shi ba wanki. Da gangan, ina sane, kullum nake dafa wa uwata abu mai ɗaci, ina kallonta tana runtse ido tana haɗiyewa, ina murna.

Haka muka yi wata huɗu. Ta daina shan kokon safe da suga. Ko an aiko mana da shinkafa da wake daga maƙwabta ba ta kallon kwanon. Ita da kanta ta karɓi aikin tsince jar shinkafar da ta raina, ta zauna bakin ƙofa inda haske ya fi, faifai a cinya, hanci kusan a cikin hatsin. In ƙawayenta sun zo sai ta sa in ɗauko ledar su gani, ba ta yarda su taɓa ba. Ƙwayoyin asibiti kuwa duk wata ina karɓo mata, in sa a hannunta, ta sa mini albarka, ta shiga da su ɗaki. Ban taɓa tsayawa na ga ta haɗiya ba. Idona yana kan faranti, in ya dawo wayam to na gama aikina.

Alamu sun zo, ba zan ce ba su zo ba. Ta riƙa shan ruwa kamar raƙumi, buta ba ta hutawa. Zanenta ya fara yi mata yawa. Na yi magana sau ɗaya, ta ce ai maganin ne ke aiki, yana fitar da ciwon ta fitsari. Na ji daɗin amsar, don haka na karɓa. Ranar komawarmu asibiti ta faɗo ana saura kwanaki Sallah, ɗinki ya kai mini wuya, na ce sai bayan Sallah. Bayan Sallah kuma na ce sai wani mako.

Wata safiya ina ɗaura ɗankwali zan fita, ta kira ni daga bakin ƙofa.

"Wa ya shanya baƙin zane a gabana?"

Babu zane. Rana ce tas a tsakar gida. Tana zaune da faifanta, tana kaɗa hannu a gaban fuskarta kamar mai korar ƙuda. Ban san lokacin da na fita titi ba takalmi na tare yalo-yalo, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ba.

A asibiti wata nas ta soke mata yatsa, ta dubi na'urar, ta dube ni, ta sake sukar wani yatsan. Da Hausarta ta 'yan Dagomba ta ce, "Mma, kina shan magani naka kullum?"

Kafin in buɗe baki Mma ta amsa, hankalinta kwance. "A'a, 'yata, na ajiye su. Ina kan wanda ɗana ya aiko. Ai ba a haɗa magani biyu a ciki ɗaya, wani sai ya karya wani."

Na san wannan dokar. Tun ina yarinya na san ta. In kakata ta jiƙa mana saiwa, sai an gama da ita kafin a je kemis. Ni na ce mata magani ne, ni na ba ta abin da ke karya shi, kuma ko sau ɗaya tunanina bai kai nan ba.

Nas ɗin ta juyo ta tambaye ni wane irin magani ne. Na amsa mata da Turanci, don kada Mma ta ji. Na ce abinci ne kawai. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta dai dube ni na ɗan lokaci, ta rubuta wani abu a kati, ta ce mu jira likita.

Jini ne ya zuba a cikin idon. Sun kwantar da ita, sun saukar da sugan, sun yi abin da za su iya, aka tura mu wani wuri, can ma aka yi. Hasken bai dawo ba. Da na koma gida ɗauko mata kaya na ɗaga katifarta, ga ƙwayoyin nan wata huɗu cif, kowane wata a ƙullinsa, ta jera su da kyau don ranar da za ta gama da na ɗanta. Na zauna a ƙasa na yi kuka har muryata ta dushe. Maƙwabciyarmu ta shigo ba ni haƙuri, ta fara karin maganar nan ta gira da ido, na ce ta fita mini daga gida. Har yau ba ma gaisawa sosai.

Ƙanena na gaya masa ciwon ne ya yi ƙarfi, ya yarda, don yardar ta fi masa sauƙi. Mma kuma na ce mata likita ya duba ya ce ƙwayar asibiti da kinwar ba sa faɗa da juna, ana iya haɗa su. Ƙarya ta biyu ke nan, don in rufe ta farko. Daga nan da hannuna nake sa mata ƙwaya a baki, in tsaya sai na ga maƙogwaronta ya motsa. Na ci gaba da dafa jar shinkafa da kinwa, da ɗacinta, don ita ta ce a ci gaba, ko Allah zai sa a dace.

Na sha ɗaura niyyar gaya mata. A kan keke nake shirya maganar, in iso gida in same ta zaune tana lalube bango, sai maganar ta maƙale.

Wata rana da la'asar ina yanka albasa ta ce in zo in zauna kusa da ita. Ta laluba ta kamo hannuna, ta riƙe da hannu biyu. Ta ce akwai abin da ya hana ta sukuni, kuma ba ta so ta je kabari da shi.

"Kin tuna sunan da aka yi a gidan liman, kafin Sallah? Kina shago. Aka ajiye mana jalof a tire, farar shinkafa, tana ta ƙamshi. Na ce ba zan ci ba. Sai shaiɗan ya ce mini ɗan kaɗan ba ya komai." Ta ƙara matse hannuna. "Loma uku na yi. Wallahi uku, ban ƙara ba. Kin gaya mini abin da ke karya shi, da kunnena na ji. Ni na karya shi. Kin sha wahala, ɗan'uwanki ya sha wahala, na zubar muku a kan loma uku. Ki yafe mini, 'yar nan."

Hawaye na fita daga idanun nan biyu da ba sa ganina. Babu kowa a gidan, daga ni sai ita. Ba za a taɓa buɗe mini ƙofa fiye da haka ba, na sani a lokacin, ba daga baya na gane ba. Na ji tsoro. Tsoron ta saki hannuna na ji.

Na ce, "Na yafe miki, Mma."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta shafa fuskata, ta sa mini albarka.

Ta yi shekara biyu bayan nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Duk wanda ya zo gaishe ta, musamman in ta ji yana da ciwon, sai ta riƙe shi ta ba shi labarin don ya zama izina: yadda aka kawo mata magani tun daga Amurka, yadda 'yarta ta tsaya a kanta, da yadda ita da kwaɗayinta ta makantar da kanta. Su yi ta jinjina kai suna cewa Allah ya ba su 'ya irina. Ni kuma ina tsaye a gefe da kofin ruwan baƙi, ina cewa amin.