Ranar da Babba Ta Dawo

Shekara uku na yi ina fama da wani tsari da zai sa kwamfutoci da yawa su yi aiki kamar guda ɗaya, kowace tana riƙe da kwafin abin da 'yan'uwanta suka sani, ta yadda in wuta ta ɗauke wa ɗaya, sauran su ci gaba. A takarda abin gwanin sha'awa. Amma na gaji da takarda, so nake in ga ya yi wa wani amfani.

Wadda ta yarda da ni wata malama ce 'yar Filato, mai ƙaramar makarantar firamare a Tarauni, inda 'yata take karatu. Na yi ta yi mata naci har ta amince malamanta su riƙa shigar da makin jarrabawa a tsarina. Na ajiye kwamfuta ɗaya a ofishinta, ɗaya a shagon yayana a Unguwa Uku, ta ukun a ɗakina a Gyaɗi-Gyaɗi. Ta ɗakina ce tsohuwa, da ita na fara, fankarta na ƙara kamar injin markaɗe. Babba nake ce mata.

A irin wannan tsari dole ka tanadi maganar wa za a ɗauka in suka saɓa. Ko minti biyar ban ɓata a kan wannan ba, na rubuta cewa wadda ta girme su ita ce mai gaskiya. Haka na taso. A gidanmu in Baba ya faɗi yadda abu ya faru, to haka ya faru, ko da kai ne a wurin shi ba ya nan. Ban ma lura cewa zaɓi na yi ba.

Ana tsakiyar jarrabawa taransfomar layinmu ta ƙone. Mako biyu Babba tana kashe. Sauran biyun suka ci gaba da aiki lafiya lau, ni kuwa na ishi matata da cika baki.

Ranar da aka gyara wutar ina wanka da hantsi na jiyo fankar ta tashi. Kafin in fito Babba ta gaisa da ƙannenta, ta faɗa musu abin da ta sani tun mako biyu baya, su kuma cikin ladabi suka goge nasu suka ɗauki nata. Makin makarantar gaba ɗaya ya tafi, don duk tana kashe aka shigar da shi. Saura kwana biyu a raba sakamako, takardun jarrabawa kuma an riga an mayar wa yara.

Na je na sami malamar a ofis, na yi bayani ina haɗa gumi. Ta saurare ni har ƙarshe.

"Malam, wato wadda ba ta nan ita ta fi sanin abin da ya faru?"

Na ce haka na rubuta.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Aka sa yara su dawo da takardunsu. Wasu takardun suka zo da man ƙosai a jiki, wasu an hura gawayi da su. Waɗanda nasu suka ɓata suka sake zama jarrabawa cikin zafin nan, iyaye suna ta zuwa ofis suna faɗa mata maganganu. Ko sau ɗaya ba ta ambaci sunana ba, cewa take kuskuren makaranta ne. Kunyar wannan har yau ba ta sake ni ba.

Gyaran tsarin bai wuce rubutu layi huɗu ba, na yi shi tsakanin la'asar da magariba. Na aika mata saƙo cewa yanzu kam an gama, hakan ba zai sake faruwa ba. Ta amsa da godiya, ta ce in gaida gida.

Washegari mai adaidaita ya tsaya a ƙofar gidana da kwamfutar ofishinta. An goge ta tas, an naɗe wayoyinta, an lulluɓe ta da zane don kada ta bugu a hanya.