Kitson Kura

Ina ɗaura ɗankwali yatsana ya taɓa wani ƙullutu a wuyana, kamar ƙwayar gyaɗa. Ba zafi, kuma rashin zafin ne ya tsinka mini zuciya. Aka ce ciwon daji ne, aka fara ɗaura mini ruwan maganin da ya kwashe mini gashi tas.

A gadon asibitin nan Iya, kakata, na riƙa tunawa. Muna yara a Ƙofar Mata, bayan isha'i mukan zagaye murhunta tana dama kamu.

"Ga ta nan, ku matso, ni ba na ɗaga murya."

"Ta zo mu ji, Iya!"

Wai kura ce ta kama wata yarinya a hanyar rafi. Yarinyar ta ce, "Haba Baba Kura, da wannan buzurwar za ki ci ni? Zauna in yi miki kitso tukuna." Kura ba a taɓa yi mata ba, sai ta ɗora kai a cinyarta. Yarinya ta kitsa gaba, ta tsefe baya, ta sake.

"Iya, ta tsira?"

"Ni dai da na wuce tana kan kitson. Tashi ki kwanta, sarkin tambaya."

Nakan kwana da haushin wannan ƙarshe. Sai da na ga kaina cikin mata masu ƙwalƙwal, kowa da robar amanta, na gane Iya ba rowa ta yi mana ba.

Hajiya Ladi, mai sayar da atamfa, gadonta kusa da nawa, ita na fara ba wa tatsuniyar, da rana tsaka.

"Ke 'yar nan, mai tatsuniya da rana ɓata yake yi!"

"Hajiya, ina kuma ya rage mu ɓata?"

Ta yi dariya har ta ƙware. Ta ciro kwalli ta zana mini shuku a kan ƙoƙon kaina, ni na zana mata zane biyu. Nas ta shigo ta ce wa ya yi mana wannan aika-aika. Hajiya ta ce layi ake bi. Zuwana na gaba wata matar na tarar a gadonta. Ban tambaya ba.

Ranar da likita ya duba hoton ƙarshe ya ce ba su ga komai ba, Umma, mahaifiyata, ta faɗi ta yi sujada a kan tayil. Ni kuwa sai na tambaye shi.

"Likita, idan ciwon ya dawo fa?"

Ya ajiye hoton.

"Sai mu sake zama, Malama."