Sau Uku Ake Duba Kwalba

Ƙanwata ta riga ta shekara takwas tana aikin nas a ɗakin kwantar da yara lokacin da ta koma karatu. Gidanmu ɗaya a Gwange, ita da 'ya'yanta biyu a ɓangaren baya, ni a na gaba. Mijinta yana aiki a Damaturu, sai ƙarshen mako yake zuwa. Babbar 'yarta tana da shekara huɗu, ƙaramin kuwa ko yaye ba a yi masa ba.

Da safe takan kai yaran wurin mahaifiyarmu, ta wuce asibiti. Ƙarfe biyu ta miƙa aiki, ta canza kaya, ta hau keke napep zuwa makaranta can wajen Maisandari. Kafin magariba ta dawo ta ɗora tukunya. Ban taɓa ganin ta zauna da littafi minti goma ba a kira ta ba.

Akwai jarrabawar gwaji da ake yi a gaban malamai, ɗalibi ya nuna da hannunsa yadda zai kula da mara lafiya. Ta faɗi sau ɗaya. Dokar makarantar ita ce wanda ya faɗi sau biyu ya tafi gida, kuma ta san asibiti ba zai sake ba ta damar karatu ba.

Wata rana ta shigo ɗakina da tulin takardun lacca.

"Yaya, hannuna da idona duk an rabe su. Kunne ne kawai ya rage min. Ki karanta min waɗannan a waya, in riƙa ji a keke."

"Wato kin mayar da ni gidan rediyonki."

"Ai kin daɗe kina karanta wa mutanen da ba ki sani ba. Yau ga 'yar gida."

Na karɓa. Na shekara da shekaru ina karanta labarai a gidan rediyo, kuma abu na farko da aka koya mana shi ne yanka: labarin shafi uku a mayar da shi layi shida, abin da aka faɗa sau ɗaya kada a sake shi. Da wannan idon na kalli takardunta, na ga ɓarnar lokaci ko'ina. A darasin ba wa yaro magani, an rubuta a wanke hannu a farko, a tsakiya, da ƙarshe. An rubuta a karanta sunan maganin a jikin kwalba lokacin ɗauko ta, a sake karantawa lokacin aunawa, a sake kafin a mayar da ita. Na ɗauki biro na soke. Darasin minti ashirin ya koma takwas. Haka na yi wa guda goma sha ɗaya, ina ganin na rage mata wahala.

Ranar Juma'a da la'asar, saura kwana huɗu jarrabawa, ta tsaya a ƙofata da goyo a baya, iyafis ɗaya a kunne.

"Yaya, ina sauran?"

"Sauran me?"

"Kwalba. Sau ɗaya kika duba ta."

"Na gyara miki ne. Mai rubutun nan maimaici ya yi masa yawa. Da a wurinmu ne, da tuni an kore shi."

Ba ta yi dariya ba. Ta kwance goyon ta miƙo min shi, ta je ɗakinta ta dawo da kwalabe biyu, ta ajiye su a kan teburina. Girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, murfinsu fari.

"Wanne ne na zazzaɓi?"

Na nuna ta dama. Ta juyo min rubutun. Na tari ne.

"Ke kenan da kika yi barci kika ƙoshi," in ji ta. "To ki ɗauka yara sun cika ɗaki, uwa tana jan rigarki, likita yana kira. Maimaicin nan shi ne aikin."

Sannan ta gaya min abin da ba ta taɓa gaya wa kowa a gida ba. A karon farko ba rashin sani ya kayar da ita ba. Lokacin ƙaramin ɗanta yana da wata biyu, tana can tana tunanin lokacin shan nononsa ya wuce, sai ta auna maganin daidai, ta tsallake dubawa ta uku. Malamar da ke duba ta rubutu kawai ta yi, ta kayar da ita.

"Kuma gaskiyarta ce," ta ce. "Ni ma da haka zan yi wa ɗaliba."

Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda ta gane. Ba takarda ta duba ba. Tana cikin keke, tsakanin mata biyu da buhun gawayi, ta ji an tsallake mataki.

Na sake karanta su duka, ban cire ko kalma ɗaya ba. Babu wuta a makon, sau biyu ina kai wayar caji wani shago a Lamisula. Ita kuwa tana wanke-wanke tana ji, tana yi wa 'yarta kitso tana ji, har yarinyar ta fara tare mu a bakin tabarma tana tambaya ko mun wanke hannu.

Ranar Talata ta fita da farar rigarta a leda. Ta dawo bayan la'asar, ta karɓi ɗanta, ta zauna a tsakar gida tana ba shi nono. Na tambaye ta yaya.

"Na duba sau uku," ta ce. "Da muryarki a kaina, abin haushi."

Sakamako ya fito bayan mako uku, ta ci. Ba ta yi wani buki ba, don ranar tana da aikin safe. Da na dawo gida na tarar da sabon tulin takardu a kan teburina, na zango mai zuwa. A saman na farko ta rubuta da jan biro: "Yaya, kada a yanke komai."