Dabbobin Madam Ikilima

In ka bi ta bayan kasuwar Gaya da hantsi, za ka ga wata dattijuwa zaune a ƙofar gida da kwanon yumɓu tsakanin ƙafafunta. Ba tukunya take ginawa ba, dabbobi take yi. Ita ce Madam Ikilima, wadda ta shekara ashirin da shida tana koyar da ƴan aji uku a lakwal, wato makarantar bokon unguwarmu. Ta ajiye aiki yau shekara huɗu, amma har mai sayar da gawayi Madam yake ce mata.

A Bengou aka haife ta, a ɗakin kakarta ta girma. Tsohuwar gishiri take dafawa a fadama. Da rana ba ka jin bakinta, amma da an ci tuwo an wanke hannu sai ta zama wata mace daban. Tatsuniya arba'in da ɗaya Ikilima ta kwasa daga bakinta. Akwai ta dorinar da ta kai wa gauraka ɗinkin riga, akwai ta kunkurun da aka naɗa sarkin kasuwa don ba ya saurin fushi, akwai masu waƙa a tsakiya waɗanda sai an tafa suke daɗi. Tsohuwa ta rasu shekarar da aka turo Ikilima Gaya, kuma duk cikin jikokin ba wanda ya riƙe ko biyar sai ita. Tun daga nan abu ɗaya ke cin ta: kada tatsuniyoyin nan su mutu a bakinta.

Ta gwada rubuta su. Amma da Faransanci aka koya mata riƙe alƙalami, kuma ta ce da ta sa dorina a Faransanci sai ta bushe kamar kifin banda. Ta gwada shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan Magariba. Yara suka zo kwana uku, huɗu, sai suka janye. Nan garin iyaka ne, lokacin da manyan motoci ke jere gaban duwan, wato kwastan, shi ne lokacin talla. Waɗanda ba sa talla kuma suna gaban talabijin, daga baya salula ta zo ta kwashe ragowar.

Sai ta kai su lakwal.

Ranar Laraba akwai sa'ar aikin hannu, wadda sauran malamai ke sa yara shara ko ɗibar ruwa. Madam kuwa tun Talata take aiken nata yaran bakin kogi su kwaso yumɓu, su zo da kara, da kaba, da gashin zabo. Za ta fara labari, daidai inda ya yi daɗi sai ta tsaya.

"To, ku gina mini dorinar. Ba na ci gaba sai na gan ta."

Ka ga yara sittin sun duƙufa, laka har gwiwar hannu.

"Madam, tawa ta fi ta kowa ƙiba!"

"Zuhura, wannan ba dorina ba ce, buhun shinkafa ne da kunnuwa. Ina ƙafafun?"

"Tana cikin ruwa ne, Madam!"

Da an gama sai a zana kogi da toka a ƙasan aji, a kafa gauraka na kara a gefe da allurarsa ta ƙaya, a saƙa rigar kaba. Daga nan yara ke karɓar labarin. Mai dorina ta yi muryar dorina, mai gauraka ya yi ta ƙaryar gobe za a gama ɗinki. Abin da hannu ya gina, in ji Madam, baki ba ya mantawa. Shekara shida ana haka, iyaye ba su da ƙorafi sai na wankin tufafi.

Sai dai akwai abin da kowa ya sani: ba a tatsuniya da rana. Wanda ya yi, da wanda ya saurara, ɓata zai yi. Mu duka da haka aka rene mu. Madam ma ta sani, dariya take ta ce dabarar tsofaffi ce don kada yara su bar aikin gona.

Wata Laraba aka tashi daga lakwal, Salma, ƴar shekara tara, ba ta koma gida ba. Aka duba bakin kogi, aka duba gada, aka duba tasha. Washegari uwarta Sadiya, mai suyar kifi, ta faɗo cikin aji ko mayafi babu.

"Ke Madam! Duk karatunki ba a gaya miki ba a tatsuniya da rana ba? Ina ɗiyata?"

"Yaya Sadiya, ki yi haƙuri, mu fita nema tare."

"Ni ba yayarki ba ce! Ga shi ta ɓata. Mi kike so kuma?"

Ranar Juma'a wani direba ya dawo da yarinyar lafiya lau. Ashe bayan motar rake ta hau tsintar guntaye, barci ya kwashe ta, ba ta farka ba sai a Zabori, inda wasu mutanen kirki suka riƙe ta. Da ka ce magana ta ƙare. Ina! Mutane cewa suka yi ai ta ɓata ɗin, Allah ne dai ya gyara.

Shugaban lakwal, Mushe Hama, mutum ne mai sanyin hali. Ya kira Madam ƙarƙashin itacen bedi.

"Madam, ni ban yarda da wannan magana ba, kin sani. Amma gidaje ashirin sun ce za su cire ƴaƴansu. Yumɓu ki ci gaba da shi. Labarin ne za ki bari."

"Mushe, dorina babu labari ai laka ce."

"To, laka dai ba ta ɓatar da ɗan kowa."

Ta yarda, don tana da dabara a ranta. Ta ce in yaro ya kai dorina mai riga gida, dole wani ya tambayi dalili, dole yaron ya zo ƙofar gidanta da yamma neman amsa. Shekara goma sha ɗaya tana jiran wannan yaron. Ajinta ya yi suna wajen gini. Wani babba daga Dosso ya zo duba makarantu, ya ɗauki hoton dabbobin, ya yaba, ya tafi. Shi ma bai tambayi abin da suka aikata ba. Su Zuhura da suka ji labarin da kunnensu kuwa sun watse, wasu aure ya kai su Kamba, wasu Malanville.

Da daminar bara ina zaune wurinta sai ga Munira, ɗaya daga cikin ƴan ajin farko da aka hana wa labari, da goyo a baya, ta biyo gaisuwa. Tana magana hannunta na cikin kwano. Kafin a gama tambayar mutanen gida ta gina dorina, ta tsinko kaba ta sa mata riga, har da wuyan rigar. Fuskar Madam ta yi haske.

"Munira, mi ya sa dorina take da riga?"

"Ai haka kika koya mana, Madam. Ba ado ba ne?"

"Zauna in gaya miki."

Munira ta ɗaga kai ta dubi rana, ta kai hannu ta dafa goyonta.

"Madam, rana fa. Da yaro nake."

"To, ki dawo bayan Magariba."

"In Allah ya yarda."

Ba ta dawo ba.

A ranar ne Madam ta gaya mini ta ƙirga, saura tatsuniya goma sha tara a kanta, cikinsu ma wasu babu ƙarshe. Labarin da ba a faɗa, in ji ta, tsiyayewa yake. Na ce to bari in zo da kaye, littafin rubutu, in rubuta da Hausa, ko nawa suka rage. Ta yi murna ƙwarai, har ta sa aka dama mini fura.

Muka fara da ta kwaɗon da ya roƙi mai jirgi ya ƙetare da shi zuwa ɗaurin auren ƙanwarsa. Tana ba ni, murya na dawowa, har da tafi. Suka shiga jirgi, suka kai tsakiyar kogi, kwaɗo ya buɗe baki zai faɗi abin da zai biya da shi. Sai ta tsaya. Ta dubi hannayenta. Ta koma farko ta sake biyowa a hankali, ta sake tsayawa a wurin.

"Yana nan," ta ce. "Yanzun nan yana nan. Ka dawo gobe."

Na koma sau uku. Har yau kwaɗo da mai jirgi suna tsakiyar kogi, rabin shafin nan kuma babu komai a kansa.